Wa ke da bakin ƙirga 'yan gudun hijira?

Ranar Asabar, 12 ga Satumban 2015, jam'iyyar Leba ta Birtaniya ta sanar da sabon shugabanta. Jeremy Corbyn ne, dattijo ɗan shekara 66, wanda ya shafe shekara 32 yana wakiltar mazaɓar Islington ta Arewa a Landan ba tare da an taɓa ba shi ko ƙaramin minista ba. Ya lashe kashi 59.5 cikin 100 tun a zagayen farko, ya bar Andy Burnham da Yvette Cooper da Liz Kendall suna rabon ragowar. Kafin rana ta faɗi yana tsaye a dandalin da ke gaban majalisar dokoki, yana yi wa dubun dubatar mutane jawabi, waɗanda suka fito neman a buɗe wa 'yan gudun hijira ƙofa. Da wannan ya buɗe aikinsa na jagoran adawa. Shekaru sun shuɗe, mutumin ya sha kaye, jam'iyyar ma ta raba gari da shi, amma ni har gobe ina ganin abin da ya yi ran nan shi ne daidai.

Sai an tuna yadda shekarar ta zo kafin a gane nauyin tsayuwar tasa. A watan Afrilu wani jirgin ruwa ya nutse tsakanin Libiya da Italiya da mutum kusan 800 a dare ɗaya. Ran 27 ga Agusta aka buɗe wata motar dakon kaya da aka yasar a bakin titi a Ostiriya, aka tarar da gawa 71 a ciki, duk rashin iska ya kashe su. Ran 2 ga Satumba kuma teku ta turo gawar wani ƙaramin yaro, Alan Kurdi, gaɓar Bodrum a Turkiyya. Asalin iyayensa mutanen Kobani ne a arewacin Siriya, suna neman haurawa tsibirin Kos na Girka, kwalekwalen roba ya kife, mahaifiyarsa da yayansa ma suka rasu. Wanda duk ya ga hoton nan, yaro kwance rub da ciki da jar riga da takalmansa a ƙafa, kamar barci ya kwashe shi a tsakar gida, ba ya mantawa. Ni dai ban manta ba.

Makonni kaɗan kafin haka, Firaminista David Cameron na jam'iyyar 'yan mazan jiya ya kwatanta mutanen da ke neman tsallakowa daga Bahar Rum da wata kalma da Turawa ke faɗa wa fara ko ƙudan zuma in sun yi dandazo. Jaridun da ke mara masa baya sun kwashe watanni suna buga hotunan sansanin Kale na Faransa, inda 'yan dubbai ke kwana a bukkokin leda, suna nuna su kamar rundunar da ta yi wa ƙasar ƙawanya. Da hoton yaron ya fito sai wasu daga cikin jaridun nan suka juya cikin kwana ɗaya, suna kiran gwamnati ta yi wani abu. A lokacin, 'yan Siriya 216 kacal Birtaniya ta ɗauko a ƙarƙashin shirinta na musamman na sake tsugunar da masu rauni. Ran 7 ga Satumba Cameron ya tashi a majalisa ya yi alkawarin ɗaukar 20,000 cikin shekara biyar.

Adadin yana da daɗin ji, amma a raba shi a gani. Mutum 4,000 kenan a shekara. Birtaniya na da mazaɓu 650, wato kowace mazaɓa za ta karɓi mutum shida a shekara, iyali ɗaya. A ƙarshen makon da ya gabaci jawabin nasa, kimanin mutum 20,000 ɗin ne suka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Munich a Jamus cikin kwana biyu. A watan Yuli na shekarar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce 'yan Siriyan da suka bar ƙasarsu sun haura miliyan 4. A lokacin Turkiyya na riƙe da kusan miliyan 2, Jodan na da fiye da 600,000, ita kuwa Labanan, ƙasar da ba ta kai jihar Kano faɗi ba, ta karɓi fiye da miliyan 1, har ya zama kusan kowane mutum ɗaya cikin huɗu ko biyar da ka gamu da shi a ƙasar ɗan gudun hijira ne.

Mu a nan ba sai an kai mu Labanan ba. A daidai watannin da ake wannan cacar baki a Landan, mutum fiye da miliyan 2 ne Boko Haram ta raba da gidajensu a Najeriya. Gwoza ta faɗi a Agustan 2014, Bama a Satumba, Mubi a Oktoba, Damasak a Nuwamba, Baga a Janairun 2015. Mutane suka fantsama, wasu Maiduguri, wasu Yola, wasu suka haye Komadugu zuwa Diffa da Bosso, wasu Minawao a Kamaru, wasu bakin tafkin Chadi. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kusan tara cikin goma na waɗanda suka tsaya cikin ƙasa ba sansani suka shiga ba. Gidajen mutane suka shiga. Magidanci mai ɗaki uku ya wayi gari da baƙi ashirin, ya koma zaure da 'ya'yansa maza ya bar wa mata ɗakunan, tukunyar da ake ɗora wa mutum takwas aka ƙara mata ruwa. Jihar Diffa na cikin Nijar, ƙasar da take sahun ƙarshe a ma'aunin ci gaban ɗan Adam, amma ba a ji gwamnanta ya fito yana cewa mutum shida za su ɗauka a shekara ba. Shi ya sa idan na ji ƙasar da ke cikin manyan masu arzikin duniya na cewa wuri ya cika, abin ba ya shiga kaina.

Ba zan tauye wa Cameron hujjarsa ba, domin yana da ita. Ya ce gwamnatinsa ta ba da fam biliyan 1 na agaji ga rikicin Siriya, babu ƙasar da ta fi ta in ba Amurka ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce daga sansanonin Labanan da Jodan da Turkiyya za a ɗauko mutanen, don kada a ƙarfafa wa wasu gwiwar miƙa ransu ga masu fasa ƙwaurin mutane. Maganar tana da kan gado in an ji ta haka. Sai dai an riga an gwada irin wannan tunani. A ƙarshen 2014 Italiya ta rufe aikin ceton da take yi a teku, wanda ya tsamo mutum fiye da 100,000 cikin shekara guda, gwamnatin Birtaniya kuma ta faɗa a fili cewa ba za ta tallafa wa irin wannan aiki ba saboda yana ƙara jawo masu zuwa. Aka daina ceton, mutane ba su daina zuwa ba, sai gawawwakin Afrilu suka biyo baya, har Birtaniyar da kanta ta tura jirgin yaƙinta ya koma tsamo mutane. Wanda wuta ta ci gidansa ba ya tsayawa tambayar ko akwai jirgin ceto a hanya. Uwar da ta sa ɗanta a kwalekwalen roba ta san ruwa na kisa, ta dai auna ne ta ga abin da ke bayanta ya fi ruwan.

Abin da ya bambanta Corbyn da sauran 'yan takarar ba tausayi ba ne, don Yvette Cooper ta riga shi fitowa da ƙwaƙƙwarar shawara cewa kowane gari ya ɗauki iyalai goma. Bambancinsa shi ne ya ƙi raba maganar 'yan gudun hijira da maganar yaƙi, kuma yana da bakin faɗa. A 2003, lokacin da Tony Blair, shugaban jam'iyyarsu, ya bi George Bush zuwa Iraƙi, Corbyn na cikin waɗanda suka jagoranci gangamin 15 ga Fabrairu, mafi girma da Landan ta taɓa gani, ya kuma kaɗa ƙuri'ar ƙin yaƙin. Makaman ƙare dangin da aka ce Saddam na ɓoye da su ba a same su ba. Daga ɓaraguzan Iraƙi aka samu reshen Alƙa'ida da ya rikiɗe ya zama ISIS, ita ce kuma ta yi wa Kobani ƙawanya a 2014. A Maris ɗin 2011 majalisar ta amince da kai hari Libiya da ƙuri'a 557, mutum 13 kawai suka ce a'a, Corbyn na cikinsu. Gaddafi ya tafi, ƙasar ta tarwatse, gaɓar tekunta ta zama kasuwar masu safarar mutane. Mu ma mun ɗanɗana: 'yan Nijar da 'yan Najeriya da 'yan Chadi da ke ci-rani a can suka dawo hannu rabbana, makaman rumbunan Gaddafi suka bi hamada suka kunna arewacin Mali a 2012, wutar da har yau ba ta mutu ba a yankin Sahel.

To wanda ya ɗaga hannu aka jefa bama-bamai, da wane ido zai dubi masu gudu ya ce sun yi yawa? Wannan ita ce tambayar da nake ganin Corbyn ya ajiye a gaban majalisa, ita ce kuma ta sa zaɓensa ya yi wa manyan jam'iyyun biyu ciwo. Leba ba ta fita ba. A zaɓen Mayun 2015 da shugaban Leba na lokacin, Ed Miliband, ya faɗi, har kofin shayi jam'iyyar ta buga tana sayarwa da rubutun alkawarin takaita shigowar baƙi. Talakawan jam'iyya da matasan da suka biya fam 3 suka yi rajista don zaɓen shugaba sun gaji da jam'iyyar adawar da ke bin sawun gwamnati tana rage murya. Suka nemo mutumin da ya saɓa wa umarnin jam'iyyarsa fiye da sau 400 a zamanin Blair da Gordon Brown, wanda aka taɓa kamawa a 1984 a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu yana zanga-zangar ƙin mulkin wariyar launin fata. Wanda ya san siyasar NEPU da PRP ya san irin wannan ɗan siyasa, mai keke da tsohuwar riga, wanda magoya bayansa ke so saboda ba ya sauya magana, manya kuma ke ƙi saboda wannan dalilin.

Amma akwai inda na rabu da shi, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Yawancin 'yan Siriyan da suka gudu ba bam ɗin Birtaniya ya kore su ba. Gwamnatin Bashar al-Assad ce ta kore su, da gangunan bam da jirage masu saukar ungulu ke sakowa kan unguwannin Halab, da iskar gubar da ta kashe ɗaruruwa a Ghuta a Agustan 2013, da gidajen yarin da mutum ke shiga ba a sake jin ɗuriyarsa. Ran 30 ga Satumban 2015, kwana 18 bayan zaɓen Corbyn, jiragen Rasha suka shiga yaƙin a ɓangaren Assad. Ƙungiyar ƙin yaƙi da Corbyn ya shugabanta tana da murya mai ƙarfi idan Amurka ce ta yi ɓarna, idan Rasha ce sai muryar ta dusashe, har 'yan Siriya mazauna Birtaniya suka riƙa kokawa cewa ana magana a kansu ba a sauraronsu. Ɗan gudun hijira bai damu da tutar da ke jikin jirgin da ya rushe gidansa ba. Wanda zai tsaya masa dole ya kira sunan kowane azzalumi, na gabas da na yamma. A nan Corbyn ya gaza, kuma gazawar ta rage wa gaskiyarsa ƙarfi a inda yake da ita.

Sai maganar talakan Ingila, wanda bai kamata a yi masa kuɗin goro a ce mai ƙin baƙi ne ba. Tun 2010 gwamnati ke tsuke bakin aljihu, tana yanke kuɗin ƙananan hukumomi, gidajen gwamnati suka yi ƙaranci, wuraren rabon abinci kyauta suka yawaita a ƙasar da ake ganin ta fi ƙarfin yunwa. Su kuma masu neman mafaka ba unguwannin masu kuɗi ake kai su ba. Kamfanonin da aka ba kwangilar saukar da su suna neman inda haya ta fi araha ne, garuruwa irin su Middlesbrough da Rochdale da Glasgow, inda masana'antu suka mutu. Mai neman mafaka a lokacin fam 36.95 ake ba shi a mako, doka kuma ta hana shi aiki, sai maƙwabcinsa da ke jiran gida shekara da shekaru ya gan shi zaune ya ɗauka shi ya cinye rabonsa. Can ma dai talaka ne ke ɗaukar talaka, kamar Diffa, kamar Yola. Corbyn ya faɗi cewa ba baƙo ne ya rufe ɗakin karatu ko ya rage gadajen asibiti ba, yana kuma cikin 'yan majalisar Leba 48 da suka ƙi dokar yanke tallafin marasa ƙarfi a Yulin 2015 alhali shugabannin jam'iyyar sun ce a ƙaurace wa ƙuri'ar. Maganarsa gaskiya ce. Isar da ita ga mutumin da ke cikin fushi shi ne aikin da ya fi ƙarfinsa, wasu kuma suka riga shi zuwa ƙofar mutumin da amsa mai sauƙi.

Ba a ma ba shi sarari ba. Washegarin zaɓensa Cameron ya rubuta cewa jam'iyyar Leba ta zama barazana ga tsaron ƙasa da tattalin arziki da tsaron iyalin kowa. Ran 15 ga wata, a wani taron tunawa da mayaƙan sama na yaƙin duniya na biyu, Corbyn ya tsaya shiru bai rera taken ƙasa ba, sai jaridu suka yi kwanaki a kai. A ranar ce Hangari ta rufe iyakarta da Sabiya da waya mai ƙaya, washegari 'yan sandanta suka watsa wa mutane hayaƙi mai sa hawaye da ruwa, da yara a cikinsu. Ina ganin rashin rera taken kuskure ne, don ya miƙa wa abokan gaba sanda. Amma a ce leɓen dattijo ɗaya ya fi dubban iyalai a bakin waya cika shafin farko, wannan ya nuna inda hankalin masu jaridun yake.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A Janairun 2016 Corbyn ya je sansanonin Kale da Dankirk ya ga yara cikin taɓo, Cameron ya yi masa gori da ziyarar a zauren majalisa. Alf Dubs, wanda shi kansa yana ɗan shekara shida aka ɗauko shi daga Prague a 1939 cikin yaran Yahudawa kusan 10,000 da Birtaniya ta ceta daga hannun Hitler, ya nemi a karɓi yara 3,000 marasa iyaye da ke watse a Turai. A ƙarshe 480 aka ɗauka. Ran 16 ga Yunin 2016 Nigel Farage ya tsaya gaban wani katafaren hoton jerin gwanon 'yan gudun hijira yana kamfen ɗin ficewa daga Tarayyar Turai, a ranar kuma wani mai tsattsauran ra'ayin ƙin baƙi ya kashe 'yar majalisar Leba Jo Cox, wadda ta fi kowa yi wa 'yan Siriya magana a zauren. Mako guda bayan haka ƙasar ta zaɓi ficewa. Corbyn ya ba da mamaki a 2017 da kashi 40 na ƙuri'u, ya faɗi ƙasa warwas a 2019 da kujeru 202, mafi ƙaranci tun 1935. Ƙorafin ƙin jinin Yahudawa a cikin jam'iyyar, wanda hukumar kare daidaito ta ƙasar ta tabbatar an yi sakaci da shi a rahotonta na 2020, tabo ne na gaske, kuma mai kare wanda ake tsangwama bai kamata a same shi da sanyin jiki a nan ba.

Masu cewa faɗuwarsa ta nuna jama'a ba sa son buɗe ƙofa, sai su dubi 2022. Da Rasha ta auka wa Yukiren, gwamnatin 'yan mazan jiyan nan dai ta buɗe hanya, ta ce duk mai ɗaki ya karɓi baƙo za a ba shi fam 350 a wata, mutum fiye da 200,000 suka shigo, ninki goma na alkawarin da aka yi wa 'yan Siriya, kuma cikin ƙasa da rabin lokacin. Kusan ba wanda ya shiga kwalekwale, don an ba su biza. Na yi murna da aka karɓe su, haƙƙinsu ne. Amma a watan Afrilun shekarar ce gwamnatin ta ƙulla yarjejeniyar kwashe masu tsallako mashigin ruwan Ingila zuwa Ruwanda, shirin da kotun ƙoli ta haramta a Nuwamban 2023, wanda ya ci ɗaruruwan miliyoyin fam ba a tilasta wa ko mutum ɗaya tafiya ba. Ashe wuri bai cika ba. Akwai dai wanda ake yi wa shimfiɗa da wanda ake rufe wa ƙofa, alhali yarjejeniyar Janiba ta 1951, wadda Birtaniya na cikin waɗanda suka rubuta ta, ta hana a bambanta mai neman mafaka saboda launi ko addini ko ƙasar da ya fito.

Akwai wani gari a bakin Shuɗin Nilu a jihar Sinnar ta Sudan da ake kira Mai Wurno. Bayan sojojin Lugga sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas, dubban talakawa da malamai da sarakuna suka bar gonakinsu suka bi shi. Aka tare shi a Burmi a watan Yuli aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar, suka yi ta tafiya shekaru har suka isa bakin Nilu, aka ba su ƙasa suka zauna, jikokinsu na can suna jin Hausa da Fillanci. 'Yan gudun hijira ne, kuma bindigar Birtaniya ce ta kore su. Tun Afrilun 2023 Sudan ɗin da ta sauke su take cin wuta, yaƙin ya isa jihar Sinnar a 2024, mutum fiye da miliyan 10 sun bar gidajensu, ɗaruruwan dubbai sun kwarara garin Adre na Chadi. 'Yan Sudan na cikin samarin da ke kwana a dazukan Kale suna jiran kwalekwale, kuma Birtaniya, wadda ta mulki ƙasarsu har 1956, ba ta buɗe musu irin hanyar da ta buɗe wa 'yan Yukiren ba.